Tat Mai Yankan Bahago

Kwalin da Yaya ta dire a kan teburin ciniki na shagon burodin su Auta ne, babu ko tantama. Ga tambarinsu a murfi, ga jan zaren da suke ɗaure kaya da shi. Auta ta tsaya da cokalin ɗaukar kek a hannu tana kallonsa kamar yau ta fara ganin kwali.

Yaya ita ce yayar Dogo, saurayin Auta. A asibiti take aiki, ita ke tsara wa marasa lafiya abin da za su ci da abin da za su bari. Da farar rigar aikinta ta shigo, ko sallama ba ta yi ba, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Umma tana kwance a asibiti," ta ce. "A ƙasa muka tsince ta da safen nan, ba ta san wanda ke kanta ba. Sukarinta ya hau har na'urar gida ta kasa karantawa. Wannan kuma a ƙarƙashin gadonta na same shi, shi da 'yan'uwansa da ta riga ta cinye."

Cokalin ya suɓuce daga hannun Auta. Masu layin sayen burodi suka yi tsit, har da matar da tun ɗazu take mitar an ba ta mai ƙonannen gindi.

Dama can wannan soyayya a kan ƙaya take tafiya. Dogo gyaran firji ne sana'arsa. Ya zo duba firjin gilashin shagon, ya gama aikin kafin shayin da aka ba shi ya huce, amma ya yi ta dawowa wai yana so ya tabbatar yana sanyi. Firji dai ya yi sanyi har ya gaji. Da magana ta kai gida, Yaya ta kafe ta ce ba da ita ba. Ba ta kushe halin Auta ba, ba ta kushe gidansu ba. Cewa ta yi ciwon sukari ya cinye ƙafar mahaifinsu kafin ya ɗauke shi, ya dawo ya kama mahaifiyarsu, don haka ba za ta zuba ido ƙaninta ya kwaso musu matar da ke kwana ta tashi cikin sukari ba.

An daɗe ana fama. Sai da Auta ta yi alkawari da bakinta cewa ko ɓurɓushin biskit ba zai tsallaka ƙofar gidansu daga hannunta ba. Sannan a 'yan watannin nan Umma, wadda da ta yi shiru da bakinta, ta sa baki ta ce ita yarinyar ta kwanta mata. Da haka aka samu Yaya ta sassauta, aka tsayar da cewa su Kawun Dogo za su zo su gana da manyan Auta a ƙarshen mako.

Yaya ta ɗage murfin kwalin. Rabin tat ne a ciki, kek ɗin nan mai kama da ƙaramin faranti, ƙasansa ɓawo mai ƙaras-ƙaras, cikinsa kastad, a sama an jera yankakken mangwaro da abarba da inabi suna ƙyalli. Shi ya fito da sunan shagon a unguwa.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Da yatsa ta riƙa nunawa kamar tana gaban ɗalibai. Ta ce ɓawon nan farar fulawa ce da bota, fulawar na shiga ciki sukari take komawa. Kastad ɗin madara ce da gwaiduwa da zaƙi. 'Ya'yan itacen da ke sama su kaɗai ne abin arziki, suna da bitamin da ɗan abin da ke rage wa sukari gudu a jini, amma duka-dukansu ba su cika tafin hannu ba, su ma an yi musu wanka da zaƙi don su ɗauki ido. Ta ce mai lafiya ya ci yanka guda ranar farin ciki, ba ta da ta cewa. Amma mace irin Umma, kwali bayan kwali, a ɓoye, ba tare da an ƙara mata magani ba, kabari ake haƙa mata da cokali.

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma Auta ta san gaskiya ne. Abin da ya biyo baya ne ba ta zata ba.

"Ashe da wannan kika saye ta. Na yi ta mamakin yadda Umma ta juya lokaci guda ta koma bayanki."

"Wallahi Yaya ban taɓa aika mata komai ba. Ban ma taɓa ganinta ido da ido ba, sai a hoton da ke wayar Dogo."

"Dogo ya rantse ba shi ya kai ba. Umma ba ta fita sai awon sukari da gidan ƙawarta. To aljanu ne suka kai mata?"



Yaya ta ce ta bar mata kwalin ta ajiye, ta riƙa kallo. Maganar ƙarshen mako kuma kada su wahalar da kansu da share gida. Ta juya ta fita, ƙofar gilashi ta daɗe tana lilo a bayanta.

Auta ta kira Dogo. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, aka kashe.

Gwaggo, ƙanwar Baba mahaifin Auta, ita ke zama a bakin aljihun kuɗi tun rasuwar matarsa. Ta sallami masu layi ɗaya bayan ɗaya, ta jira na ƙarshe ya fita, sannan ta gyara zama ta ce Allah ya ba maras lafiya lafiya, amma ita dama can ba ta ga abin so a gidan da ake auna wa mutum abinci da cokali ba. Ga mai kemis nan ƙofa da ƙofa, yaro mai nutsuwa, kullum sai ya shigo sayen burodin da ba ya ci. Shi ba shi da yayar da za ta zo ta yi wa mutane lacca a gaban kwastomomi.

Mai kemis ɗin nan Gwaggo ta kai shekara tana tallarsa. Ko ciwon kai Auta ta yi, sai ta ce ta leƙa wurinsa.

Auta ta ɗauki kwalin ta shige ɗakin obin inda suke gashi, ta ajiye shi a kan teburin murza ƙullu, ta zauna ta sa shi gaba. Hawaye na zuba tana sharewa da bayan hannu. Sai da kukan ya ɗan lafa ta dube shi da idon mai sana'a, kuma nan take ta ga abin da ba ta lura da shi ba ɗazu.

Jeren mangwaron baibai yake.

Duk mai jera 'ya'yan itace da hannun dama, yankan nan suna kwanciya ne suna bin juna ta gefe guda, yadda hannun agogo ke tafiya. Hannu ne ke yin haka da kansa, ba a koya masa. Wannan kuwa ta ɗaya gefen ya zagaya, har karkatar wuƙar ma ta bahago ce. Mutum ɗaya ne bahago a shagon nan, kuma tun da bayansa ya fara ciwo ya bar mata tat gaba ɗaya, ya tsaya kan burodi.

Ta dangwali ƙyallin da ke kan abarbar ta kai hanci. Zuma ce. Su ba sa shafa zuma, tana dusashe launin 'ya'yan itace. Ta ɓantari ɓawon ta ga baƙi-baƙi a ciki, ta sa a harshe. Dabino.

Tana nan zaune kamar an dasa ta, sai ga Baba ya turo ƙofar baya da kwandon mangwaro a kafaɗa, daga kasuwa yake, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. A 'yan kwanakin nan dama ya tsiri abubuwa. Yana rage gemu, yana sauya hula da rana, har turare yake shafawa kafin ya tsaya gaban obin, ita da Gwaggo suna ta yi masa tsiya wai burodin ne zai shinshina.

"Baba," ta ce, "wa ka yi wa wannan?"

Ya sauke kwandon ya leƙa kwalin. Ta zaci zai firgita. Kunya ce ta kama shi, dattijo da furfurarsa ya hau sosa ƙeya yana kallon ƙasa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Da ƙyar ta ciro maganar daga bakinsa. Ya ce wata baiwar Allah ce, dattijuwa mai kamala. Ta fara zuwa watannin baya, da rana tsaka, lokacin da Auta ke fita kai kayan da aka yi oda, Gwaggo kuma ta tafi gida ta ɗan kishingiɗa. Ranar farko ba ta sayi komai ba. Ta tsaya gaban gilashi tana ta yi masa tambayoyi a kan 'yarsa, ko tana da haƙuri, ko tana da tsafta, ko tana da saurin fushi. Shi ya ɗauka mai neman wadda za ta yi mata kek ɗin taro ce. Da za ta tafi ya ga idonta ya maƙale a kan tat, sai ya yanko mata ɗanɗano. Ta ja da baya ta ce an hana ta, tana da sukari, rabon bakinta da zaƙi tun rasuwar maigidanta.

"Yadda ta faɗe shi ne, Auta. Tana murmushi, amma sai da na ji kamar in yi kuka. Na ce ta dawo, zan yi mata wanda ba zai cutar da ita ba."

"Shi ne wannan?"

"Shi ne." Har da ɗan alfahari a muryarsa. "Ni mahaukaci ne da zan ba mai ciwon sukari sukari? Ko ƙwaya ɗaya babu a ciki. Zuma na sa, tsantsarta. Dabino na niƙa a ɓawon. 'Ya'yan itacen kuwa ninkawa na yi. Duk abin da ke cikin nan magani ne."

Auta ta dafe kai da hannu biyu. Da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da ita. Mutumin nan tsayawa ya yi da ciwon bayansa yana niƙa dabino, yana zaɓar mangwaro mafi nuna, yana ganin alheri yake shukawa.

"Baba, jini bai san bambancin zuma da sukari ba. Dabino ma haka. Ko 'ya'yan itacen, aunawa ake yi wa mai ciwon nan."

Ya dube ta kamar ta yi masa wani yare. Ya ce tun tasowarsa zuma magani ya san ta.

"Tana asibiti, Baba. Da safen nan aka tsince ta a sume." Ta nuna masa kwalin. "Umman Dogo ce."

Baba ya laluba bayansa da hannu, ya samu buhun fulawa, ya zauna a kai a hankali. Fuskarsa ta yi fari fat kamar abin da yake zaune a kai. Can ya ce ita ba ta taɓa gaya masa ko wace ce ba, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Kujera yake ajiye mata a nan bakin ƙofar baya, ta zauna ta ci yanka guda suna hira, ya ɗaure mata sauran ta tafi da shi.

"Niyyata in an gama maganarki," ya ce, idonsa a ƙasa, "in tambaye ta gidansu."

Salatin Gwaggo ne ya sanar da su tana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu.

Baba ya yunƙura zai tashi, ya ce asibitin zai je ya faɗa musu da bakinsa. Gwaggo ta tare ƙofa da jikinta. Ta ce ya zauna ya yi tunani irin na manya. In ya buɗe baki, 'yar asibitin nan ba za ta tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda, ta ce ya shayar da uwarta guba. Shago ya mutu ke nan. Ita kuma matar fa? Uwar manyan 'ya'ya, a ji cewa gidan ƙawar da take zuwa bayan obin ɗin wani namiji ne, da wane ido za ta dubi 'ya'yanta? Auren Auta dai ko ya yi magana ko bai yi ba ya riga ya sha ruwa. Gara a bar abin a yadda suka ɗauke shi, ƙura ta lafa, ga mai kemis nan.

Abin haushi da Gwaggo shi ne ko son ranta take bi, sai ta haɗa da gaskiyar da ba a iya tankawa.

Auta ta cire rigar aiki ta yafa mayafi. Ta roƙi Baba ya zauna har ta je ta dawo, kada ya motsa. Ya gyaɗa kai, amma ba ta da tabbacin ya ji ta.

A asibiti ta yi sa'a. Nas ta ce an kira Yaya ɗakin yara, Dogo kuma ya sauka karɓo magani, maras lafiyar ta farfaɗo amma kada a daɗe. Ɗakin gado biyu ne, ɗayan babu kowa. Umma na kwance an sa mata ƙarin ruwa, leɓɓanta sun bushe, ɗankwalinta ya zame gefe, furfura ta fito.

Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Ba sai ta faɗi ko ita wace ce ba.

"Na san ki," in ji Umma da dusasshiyar murya. "Na sha ganin fitarki daga nesa, da kwalaye a hannu. Sai kin sha kwana nake tsallakowa." Sannan ta tambaya, "Ya yake?"

Tambayar ta fi komai girgiza Auta. Matar da ta dawo daga bakin kabari ba ta tambayi me likita ya ce ba, Baba take tambaya.

Auta ta ce mata Baba ya shiga tashin hankali, kuma wallahi bai sani ba, ya ɗauka zuma ba ta cutarwa.

"Shi bai sani ba. Ni na sani." Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shige kunne. "Yayarsu ta faɗa min tun tuni, zuma da dabino duk ɗaya ne a jikina. Ranar da ya ajiye min shi a gaba yana ta murna, na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga hannunsa duk dabino ya maƙale. Na kasa."

"Umma, da ranki fa."

"Na sani, 'yata. Tun da mahaifinsu ya rasu kowa a gidan nan so na yake, amma da ma'auni. A auna min shinkafa, a auna min ayaba rabi, a soke min yatsa safe da yamma. Kowa tambayata yake nawa na'ura ta nuna. Babu wanda ya taɓa tambayata me nake sha'awa. Na je ne in ga yarinyar da ɗana ya mutu a kanta, sai na tarar da mutumin da ya ja min kujera ya ce, Hajiya, me kika fi so, mangwaro ko abarba?"

Auta ta kifa kai a bakin gadon. Kuka suke yi su biyu, kowa na ƙoƙarin kada nas ta ji.

Umma ta lalubo hannunta ta riƙe. Hannun sanyi ƙalau, amma riƙon da ƙarfi. Ta ce abu ɗaya take roƙo. Kada 'ya'yanta su ji. Ba zaƙin take jin kunya ba, zaman da take yi da Baba take jin kunya. Yayarsu ita ta yi jinyar mahaifinsu har ƙarshe, ita ta riƙa wanke masa ƙafar, har yau hotonsa ne a fuskar wayarta. Dogo kuwa ko sunan wani namiji bai taɓa jin ta ambata ba. In suka ji, ba za ta iya haɗa ido da su ba har ta mutu.

"Umma, cewa suke ni ce na aiko miki."

"Na ji. Ki ba ni lokaci in warke, zan san yadda zan lallashe su."

Auta ta san Yaya ba ta lallasuwa, kuma Umma ma ta sani. Sai aka turo ƙofa.

Dogo ne a gaba da ledar magani, Yaya a bayansa. Ya yi zuru-zuru tun safe, rigar aikinsa ce a jikinsa da baƙin mai a hannun riga. Yaya ta buɗe baki za ta kira nas, ya ɗaga mata hannu. Bai taɓa yi wa yayarsa haka ba.

Ya ajiye ledar, ya zo ya tsuguna daidai inda Auta take durƙushe, yadda idonsu zai haɗu.

"Ban ɗauki wayarki ba saboda ina tsoron abin da zan ji," ya ce. "Yanzu ga ki. Kalma ɗaya nake so. In kika ce ba ke ba ce, wallahi na yarda, ko duniya za ta taru a kaina. In kin san wanda ya kawo, ki faɗa min. Auta, ke ce?"

Hannun Umma na cikin nata har yanzu. Ta ji yatsun sun ƙara matse ta.

Ta dubi Dogo. Mutumin da take lissafin kwana da tashi da shi ne, wanda ta riga ta zaɓa wa launin labulen ɗakinsu a zuciyarta. Gaskiyar tana kan harshenta, gajeriya ce, faɗarta ba za ta ɗauki numfashi guda ba. Sai ta tuna Baba a kan buhun fulawa, ta ji sanyin hannun da ke riƙe da ita.

"Ni ce," ta ce.

Dogo bai motsa ba. Ya ci gaba da kallonta kamar yana jira ta ƙarasa, ta ce wasa take. Da ya ga babu ƙari, ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa kamar tsoho. Ya koma bakin taga ya juya musu baya.

"Yaya," ya ce, "ki kira su Kawu. Ki ce an fasa."

Ko Yaya ba ta yi murna ba. Ta tsaya da waya a hannu tana kallon Auta da mamaki, don ta zo da shirin musu ne, ba ta samu ba. Umma ta saki hannun Auta ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa.

Auta ta tashi. Ta gyara mayafi ta nufi ƙofa, tana addu'ar Allah ya kai ta waje kafin kukan ya ƙwace mata.

Ba ta kai ga taɓa marfin ba ta ji muryar namiji a baranda, yana tambayar nas ɗakin wata Hajiya da aka kawo da safe, mai ciwon sukari, bai san sunanta ba. Sai sallama a bakin ƙofa, a hankali, muryar na rawa.

Baba ne. Ya sa babbar rigarsa ta fita, amma ya manta bai wanke hannu ba, fulawa har gwiwar hannu.

Auta ta tare shi da sauri tana girgiza masa kai, tana cewa ƙasa-ƙasa ya zo su tafi gida, an gama magana. Yaya ta ce in roƙo ya zo yi wa 'yarsa ya makara, ta riga ta amsa laifinta da bakinta. Baba ya dubi Auta, ya dubi Yaya, bai gane ba tukuna.

Gado ya yi ƙara a bayansu.

Umma ce, wadda ɗazu ko kai ba ta iya ɗagawa, ta dafa katifa ta tashi zaune. Da hannun da babu allura ta jawo ɗankwalinta ta rufe furfurar, ta gyara shi sosai, ta goge fuska da gefen zani. Dogo ya juyo daga taga. Shi da yayarsa suka zuba wa mahaifiyarsu ido, baki buɗe.

Ba ta dubi ko ɗayansu ba. Sai ta dubi Auta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta amsa sallamar.

"Ajiye wayar nan," ta ce wa Yaya. "Yarinyar nan ƙarya ta yi muku, ni na sa ta. Dogo, ba shi kujera. Ba wurin 'yarsa ya zo ba, wurina ya zo."